Gawar da Ba Ta da Makoki: Tsokaci a kan Labaran Binciken Kisa Masu Raha

Gabatarwa

Akwai wani reshe na ƙagaggun labaran Turawa da ya daɗe yana ɗaure wa manazarta adabi kai. A cikinsa ana kashe mutum, wani lokaci ma biyu ko uku, amma mai karatu na bin labarin yana murmushi, in ya rufe littafin kuma ya yi barcinsa lami lafiya. Ba a nuna jini sai ɗan kaɗan, ba ashar, ba batsa. Mai binciken kuwa ba kasafai yakan zama ɗan sanda ba. Galibi tsohuwa ce mai saƙa, ko limamin coci, ko mai sayar da kayan toye-toye, ko wasu 'yan fansho da zaman kashe wando ya ishe su. Masu harshen suna kiran wannan reshe da wata kalma mai ma'anar ɗumi da natsuwa, irin abin da mutum ke ji idan ya lulluɓa kusa da murhu a tsakiyar hunturu. Mu a wannan maƙala za mu kira shi labarin binciken kisa mai raha.

Manufarmu ita ce mu gano inda daɗin irin wannan labari yake fitowa, da kuma abin da marubuci ke sarayarwa kafin ya samar da daɗin. Ra'ayinmu shi ne daɗin da aibin uwarsu ɗaya: kafin marubuci ya sami damar sa mu dariya a gaban gawa, sai ya tabbatar babu wanda zai zauna makokinta. Muna kuma neman afuwar wanda bai karanta littattafan da za mu ambata ba, domin babu yadda za a yi nazarin irin wannan labari ba tare da an tona asirin ƙarshensa ba.

Inda daɗin yake

Duk wanda zai yi magana a kan wannan reshe dole ya fara da Agatha Christie, marubuciyar Ingila da ta rayu daga 1890 zuwa 1976, wadda ta fitar da littafinta na farko a 1920, ta kuma bar littattafan bincike 66. Tauraruwarta Miss Marple ta fara bayyana a wani gajeren labari a 1927, sannan ta sami cikakken littafi a 1930, wato The Murder at the Vicarage. Labarin ya faru ne a wani ƙirƙirarren ƙauye mai suna St Mary Mead, kuma limamin cocin ƙauyen ne ke ba da shi da bakinsa. An tsinci Kanar Protheroe, majistare kuma dattijon coci, a ɗakin karatun limamin an harbe shi. Mutum ne mai tsawa, mai ƙuntata wa iyalinsa, mai tsanantawa a hukunci. Tun a shafukan farko limamin da kansa ya yi suɓul da baka a wurin cin abinci, ya ce duk wanda ya kawar da Kanar ya yi wa duniya alheri. Da aka tambayi Miss Marple wa take zargi, sai ta ce ita kam tana iya lissafa mutum bakwai.

Daɗin farko da mai karatu ke samu a nan irin daɗin kacici-kacici ne. A 1929 wani limamin Katolika kuma marubuci, Ronald Knox, ya tsara ƙa'idoji goma na rubuta labarin bincike. Daga cikinsu akwai cewa dole a ambaci mai laifin tun farkon labari, ba a yarda a warware matsala da aljanu ko tsafi ba, ba a yarda da wata guba da kimiyya ba ta san ta ba, kuma duk wata alama da mai bincike ya gani sai an nuna wa mai karatu ita. Ke nan wasa ne tsakanin marubuci da mai karatu, mai dokoki kamar dara. Idan aka faɗi amsa a babin ƙarshe, abin da ake so mai karatu ya ce shi ne abin da yaro ke cewa a dandali bayan ya ba da gari: ashe amsar tana gabana tun ɗazu.

Sai dai kacici-kacici kaɗai bai bambanta wannan reshe da sauran labaran bincike ba. Abin da ya bambanta shi raha ce, kuma a nan ne muke ganin masu raina Christie ba su yi mata adalci ba. Suna ɗaukar rahar a matsayin kwalliya, alhali a hannun gwani ita ce maɓoyar hujja. Mu ɗauki misali biyu daga wannan littafi. Agogon ɗakin karatun limamin kullum yana gaba da minti goma sha biyar, da gangan aka saita shi haka don limamin ya daina makara. Sau da yawa limamin ya buɗe baki zai gaya wa Sufeto Slack wannan magana, shi kuwa Sufeto, don gadara da gaggawa, sai ya katse shi. Mai karatu na dariyar ɗan sanda mai ji da kai, bai lura ba cewa duk lissafin lokacin da Sufeton ya gina a kan agogon ya riga ya rushe. Misali na biyu ya fi wannan kyau. Miss Marple, tana aikin lambunta, ta ga matar Kanar ta wuce, kuma ta shaida cewa matar ba ta riƙe da jaka, rigarta kuma ta kama jikinta yadda ba za a iya ɓoye bindiga a ciki ba. Da farko maganar ta yi kama da tsegumin tsohuwa a kan suturar matan zamani, har ma ta zama shaidar da ta wanke matar. Sai a ƙarshe muka gane cewa rashin jakar shi ne abin zargi, domin macen da ta fito cefane ba ta fita hannu rabbana, sai in tana so a ga ba ta ɗauke da komai. Bindigar kuwa tuni saurayinta ya ɓoye mata ita a cikin tukunyar fure. Wanda ke dariya ba ya tsaro, kuma Christie ta san haka sarai.

Akwai kuma daɗin ganin wanda aka raina ya yi nasara. Miss Marple ba ta taɓa aure ba, ba ta da muƙami, ba ta yi karatun shari'a ba. Makaminta sanin halin ɗan Adam ne, wanda ta tara daga shekarun da ta yi tana kallon maƙwabtanta ta saman shinge. Idan ta ga wanda ake zargi sai ta ce ya tuna mata da wani mai shago ko wata 'yar aiki da ta taɓa sani a ƙauyensu, mutane su yi ta ƙyafta ido suna cewa tsufa ya kama ta, daga baya a ga kwatancin ya zauna daram. Wato dai an ɗauki gulma, wadda kowace al'umma ke zargin tsofaffin mata da ita, an mayar da ita ilimi. Bahaushe da ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, ba zai sha wahalar gane wannan daɗi ba.

Manazarta sun kawo wani dalili da ya fi waɗannan zurfi. Mawaƙin nan W. H. Auden, a wata maƙala da ya buga a 1948, ya amsa cewa karatun irin waɗannan littattafai ya zame masa jaraba kamar taba. A ganinsa, ƙauyen da ake kisan a cikinsa kamar gidan Aljanna ne da zunubi ya kutsa, kowa ya zama abin zargi, sai mai bincike ya zo ya ware mai laifi guda, a fitar da shi, sauran jama'a su koma tsarkinsu. Ita kuwa Alison Light, a littafinta na 1991, ta danganta abin da Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda Birtaniya ta rasa sojoji fiye da 700,000. Ta kwatanta rubutun Christie da adabin masu murmurewa daga jinya. Mutanen da suka ga mutuwa ba adadi, ba dalili, ba ma gawar da za a binne, sun sami sauƙi a labarin da mutuwa ɗaya ce, tana da dalili, kuma kafin shafi na ƙarshe za a san wanda ya jawo ta. Ita kanta Christie a ɗakin haɗa magani na wani asibiti a garin Torquay ta yi aiki lokacin yaƙin, a nan ta koyi sirrin guba. Ba mu ga laifin mai neman irin wannan sauƙi ba.

Abin da aka sarayar

To, amma mu sake duban Kanar Protheroe. Me ya sa aka yi shi mugu haka? Amsar tana cikin zubin labarin ne. Kacici-kacici na bukatar waɗanda ake zargi da yawa. Kafin a sami mutum bakwai masu dalilin kashe mutum ɗaya, dole mutumin ya kasance ya ɓata wa kowa. Idan kuwa ya ɓata wa kowa, babu mai kukan rashinsa. Idan babu mai kuka, to, an buɗe ƙofar dariya. Haka sarƙar take, kuma duk wanda ya cire zobe ɗaya daga cikinta, sauran za su watse. Saboda haka mamaci a wannan reshe kusan kullum azzalumin mai gida ne, ko mai cin amana, ko mai neman matan mutane, ko attajirin da magada suka gaji da jiran mutuwarsa.

Abin bai tsaya a zamanin Christie ba. A 1992 M. C. Beaton ta fitar da littafin farko na tauraruwarta Agatha Raisin, wata 'yar kasuwar Landan mai kaifin harshe da ta yi ritaya ta koma wani ƙauye a yankin Cotswolds. Don ta sami shiga a wurin mutanen ƙauyen sai ta shiga gasar girki, amma da yake ba ta iya ko dafa ruwa ba, sai ta sayo wani gasasshen abinci na fulawa da ƙwai da alayyafo daga wani shago a Landan ta ce ita ta yi. Alƙalin gasar ya ci ya mutu. Yanzu ko dai ta amsa cewa ta yi maguɗi ko a zarge ta da kisa. Ko shakka babu wannan ƙulli ne mai ban dariya, kuma mun yi dariyar. Amma da muka rufe littafin muka tambayi kanmu wane ne alƙalin, ba mu tuna komai game da shi ba sai cewa manemin mata ne mai son kai. An halicce shi ne don ya mutu, kamar ragon da aka turke don suna.

Wannan ne ya harzuƙa Raymond Chandler, marubucin labaran bincike na Amurka, a maƙalarsa ta Disamba 1944. Ya zargi marubutan Ingila da mayar da kisa abin wasa a falon masu kuɗi, ya kuma yaba wa Dashiell Hammett da cewa shi ne ya mayar da kisa hannun irin mutanen da ke aikata shi a zahiri, saboda dalilai na zahiri. Wata guda bayan haka, a Janairun 1945, Edmund Wilson ya buga tasa sukar a mujallar The New Yorker, wadda takenta kaɗai ya wadatar, domin tambaya ce: wa ya damu da wanda ya kashe Roger Ackroyd? Shi Ackroyd ɗin mamaci ne a wani shahararren littafin Christie na 1926. Wilson ya yi tambayar ne da raini, yana nufin duk reshen ɓata lokaci ne, kuma a nan ba mu tare da shi. Sai dai ya taɓa wurin da ke ciwo ba tare da ya nufa ba. Mai karatu ya damu ƙwarai da wanda ya kashe Ackroyd, in ba haka ba da bai kai ƙarshen littafin ba. Abin da bai dame shi ba shi ne Ackroyd ɗin kansa.

Bari mu ɗan ratse a nan saboda ɗalibanmu masu sha'awar gwada wannan salo da Hausa. Za su ci karo da wannan matsala tun a babi na biyu. A ƙauyen Christie motar asibiti na ɗauke gawa, shi ke nan an wuce wurin, sai shan shayi da tattauna wa ya yi. A garin Bahaushe kuwa ana jana'iza, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, mata na ciki suna kuka, matar mamaci ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, ko da kuwa mamacin ya fi kowa mugun hali a unguwa. Marubucin da ya tsallake wannan ya yi wa rayuwa ƙarya, wanda ya saka shi kuma zai ga rahar ta yi masa wuyar fitowa. Wataƙila mafitar ita ce a lura cewa zaman makoki shi ne wurin da duk masu dalilin kisan za su hallara a tabarma ɗaya, kowa na sunkuyar da kai yana satar kallon ɗan'uwansa. Amma wannan aikin masu ƙirƙira ne.

Gawar ɗakin karatu

Abin da ya ɗaga Christie sama da yawancin masu kwaikwayonta shi ne ta san da wannan rami, wani lokaci ma takan tura mai karatu ciki da gangan. Littafinta na 1942, The Body in the Library, ya fara ne kamar wasan barkwanci. Da sassafe 'yar aiki ta faɗo ɗakin uwargida Dolly Bantry tana cewa akwai gawa a ɗakin karatu. Mijinta, wani tsohon Kanar, ya ce mafarki take yi. Gawar ta wata budurwa ce mai rinannen gashi da kwalliyar rawa, wadda ba wanda ya san ta a gidan. Dolly ta aika a ɗauko mata ƙawarta Miss Marple, ba ta ma ɓoye cewa tunda abin a gidanta ya faru, tana da niyyar ta ji daɗinsa ba. Nan da nan aka ce gawar ta Ruby Keene ce, mai rawa a wani otal, wadda wani attajiri gurgu ya yi niyyar ya mayar 'yarsa ya bar mata fam 50,000. Kowa ya saki jiki, har da mai karatu: yarinyar otal ce mai kwaɗayin dukiyar tsoho, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Miss Marple kaɗai ta tsaya a kan farcen gawar. Farcen a cije yake, irin na yaran da ke cin farce, ba irin na mai rawa da ke tara farce tana shafa masa jan launi ba. Daga wannan ne gaskiya ta fito. Gawar ba ta Ruby ba ce. Ta wata 'yar makaranta ce mai shekara 16, Pamela Reeves, wadda aka yaudara da cewa za a saka ta a fim, aka rina mata gashi, aka sa mata kayan Ruby, aka ba ta maganin barci, aka shaƙe ta, ba don ta yi wa kowa komai ba, sai don masu kisan su rikita lissafin lokaci. Yarinyar da muka yi ta dariya a kan gawarta tun shafin farko tana da uwa da uba, kuma littafin ya kai mu gidansu mun ga halin da suke ciki. A ra'ayinmu wannan na daga cikin mafi kyawun abin da aka yi a wannan reshe, domin rahar farko ita ce tarkon. Marubuciyar ta bar mu mun yanke wa mamaciya hukunci saboda sutura da sana'arta, sannan ta nuna mana farcen yarinya.

Duk da haka ba za mu ce Christie ta kuɓuta gaba ɗaya ba. Shafukan da aka ba iyayen Pamela kaɗan ne, kuma Ruby, wadda ita ma an kashe ta an ƙone gawarta a cikin mota, ba ta sami ko wannan kaɗan ɗin ba. Talaka ce mai neman hawa sama, kuma a duniyar waɗannan littattafai wannan kaɗai ya isa laifi. Colin Watson ya yi dogon bayani a littafinsa na 1971 a kan yadda labaran binciken Ingila na wancan zamani suka cika da girman kan masu hali, inda 'yan aiki ba su da rawar takawa sai ta sakarci da fasa kwanuka.

Magada

Bayan Christie reshen ya yaɗu, musamman a Amurka, ya kuma zama sana'a. Shirin talabijin na Murder, She Wrote ya yi shekara 12 ana nuna shi, daga 1984 zuwa 1996, kashi 264, inda Angela Lansbury ta fito a matsayin wata bazawara marubuciya da duk inda ta sa ƙafa sai an tsinci gawa. Lilian Jackson Braun ta fara jerin littattafanta a 1966, waɗanda kyanwoyi ke taimaka wa mai bincike. Daga 1990 Diane Mott Davidson ta riƙa saka bayanin yadda ake girki a tsakanin babi da babi, wasu da dama suka bi sahunta. Ba za mu daɗe a nan ba. Idan ƙaramin ƙauye ya yi kisa na talatin kuma har yanzu mutanensa na barin ƙofa a buɗe suna gasar fure, to, zancen Auden na Aljannar da aka maido ya faɗi, domin ba a taɓa jin ta girgiza ba balle a maido ta. Gawa ta zama kamar kuɗin shiga da ake biya a ƙofa kafin a je ga abin da aka zo dominsa, wato kyanwa da girki da soyayyar tauraruwa.

Wani aibin da ya fi wannan nauyi shi ne, mugunta a irin waɗannan labarai kullum ta mutum ɗaya ce, kuma kullum tana da magani. Alexander McCall Smith, wanda aka haifa a Bulawayo a 1948, ya fitar da The No. 1 Ladies' Detective Agency a 1998, labarin Mma Ramotswe da ta sayar da shanun gadon mahaifinta ta buɗe ofishin bincike a Gaborone ta ƙasar Botsuwana. Littafi ne mai sanyi da mutunta mutane, kuma kisa bai yi yawa a cikinsa ba. Matsala mafi muni a ciki ita ce ta wani yaro da aka sace ana zaton matsafa sun yanka shi, a ƙarshe Mma Ramotswe ta same shi da rai ta mayar wa mahaifinsa. Amma a wannan ƙasa dai, a 1994, an kashe wata 'yar makaranta a garin Mochudi ta irin wannan hanya, abin da ya jawo zanga-zangar ɗalibai a farkon 1995. Da Unity Dow, mace ta farko da ta zama alƙaliyar babbar kotun ƙasar, ta ɗauki jigon kisan tsafi a littafinta The Screaming of the Innocent na 2002, yarinyar cikin labarin ba ta dawo ba, manyan mutanen da suka aikata kuma ba abin da ya same su. Ba muna cewa dole kowane marubuci ya zama Dow ba. Muna cewa labari mai raha ba shi da wurin ajiye laifin da masu iko suka haɗa baki suka rufe, domin dokarsa ta ce sai an warware komai kafin a tashi.

Daga cikin na baya-bayan nan, wanda ya fi jan hankalinmu shi ne Richard Osman da littafinsa The Thursday Murder Club na 2020, wanda aka mayar fim a 2025. Tsofaffi huɗu ne a wani rukunin gidajen 'yan fansho a yankin Kent: Elizabeth tsohuwar jami'ar leƙen asiri, Joyce tsohuwar nas, Ibrahim likitan ƙwaƙwalwa, da Ron tsohon shugaban ƙungiyar ƙwadago. Duk ranar Alhamis sukan haɗu su tattauna tsofaffin shari'o'in kisa da 'yan sanda suka kasa warwarewa, har kisa na gaske ya zo ƙofarsu. Ta fuskar mamata Osman bai sauya komai ba. Na farko ɗan kwangila ne mai tarihin ta'addanci, na biyu attajiri ne mai haɗama da ke son tone maƙabarta ya yi gini, kuma babu mai zubar musu da hawaye. Abin da ya yi sabo shi ne ya ɗauke makokin daga kan waɗanda aka kashe ya ɗora shi a kan masu binciken. Mijin Elizabeth, Stephen, ciwon mantuwa na cin sa a hankali, tana ɓoyewa don kada a raba su. Ƙawarta Penny, tsohuwar 'yar sanda da suka kafa ƙungiyar tare, tana kwance ba ta san inda take ba, mijinta na zaune gefen gadonta kullum. Waɗannan mutane suna wasa da mutuwa ne saboda ta riga ta zauna musu a zaure, don haka dariyarsu tana da nauyin da ta ƙauyen Agatha Raisin ba ta da shi.

Wannan ci gaba ne, mun yarda. Amma yana da nasa haɗari. Da yake marubucin ya sa mun ƙaunaci mutanensa, sai ya shiga yafe musu abin da bai kamata a yafe cikin sauƙi ba. Wanda ya kashe ɗan kwangilar wani magini ne mutumin Folan mai suna Bogdan, wanda ya yi ramuwar kisan abokinsa. Ya amsa laifinsa ga Stephen suna tsakiyar wasan dara irin ta Turawa, wato ga mutumin da ba lalle ya tuna da maganar gobe ba, kuma a littafin haka ya tafi abinsa, har ya zama abokin ƙungiyar a littattafan da suka biyo baya. Mai karatu na jin daɗin hakan, mu ma mun ji. Sai daga baya muka lura cewa ma'aunin hukunci ya tashi daga abin da mutum ya aikata ya koma ga ko muna son sa. A zamanin Christie mamaci ne ake ɓatawa don a yi dariya. A nan an ƙara da wanke mai kisa.

Mu koma ga Christie da misali ɗaya, domin a cikinsa ne muka ga ta fi kusantar abin da reshen ke gudu. A littafinta A Pocket Full of Rye na 1953, cikin waɗanda aka kashe akwai wata 'yar aiki mai suna Gladys, marainiya, mara kyan gani, mai saurin yarda da mutane, wadda Miss Marple ce ta koya mata aikin gida. Wani saurayi ya yaudare ta da alkawarin aure, ya sa ta zuba wa mai gidanta guba a abinci tana zaton maganin sa mutum ya faɗi gaskiya ne, sannan ya shaƙe ta, ya maƙala mata maƙalin shanya a hanci. Wannan wulaƙanci ne ya taso Miss Marple daga ƙauyenta ba tare da kowa ya gayyace ta ba, kuma a wannan karo ba don nishaɗi ta zo ba. Bayan ta gano mai laifin ta koma gida, sai ta tarar da wata wasiƙa da ta yi ta yawo saboda kuskuren adireshi. Gladys ce ta rubuto ta kafin a kashe ta, tana neman shawara, ta haɗo da hoton saurayin, wanda shi ne hujjar da 'yan sanda suka rasa. Hawaye ya zo wa tsohuwar, tausayi ya juye ya zama fushi. Sai kuma, a jimlar ƙarshe ta littafin, marubuciyar ta ce wani abu ya zo ya ture su duka biyun, wato murnar nasara, irin ta masanin da ya haɗa siffar dabbar da ta ɓace daga guntun muƙamuƙi da 'yan haƙora. Makokin Gladys bai wuce layi biyu ba, kuma mutum ɗaya ce ta zauna shi.